Daga Zanen Uwa Zuwa Rigar Ɗa: Tarihin Kwance da Tsumma a Garin Lafiya

Gabatarwa

Hausawa na cewa, da sabon gini gara yaɓe. Duk da cewa ɗakin laka wannan karin magana yake nufi, idan muka dubi yadda magabatanmu suka riƙa sarrafa tufafinsu, za mu tarar da wannan hikima ce ta yi musu jagora. A gidajenmu na dauri zane ba ya mutuwa rana ɗaya. Idan ya sha ɗauri har ya koɗe a ƙugun uwa, sai ya koma majanyi a bayanta. Idan ya gaji da goyo, sai a nemi inda ya rage da ƙarfi a yanka wa yarinya 'yar riga, ko a yi wa yaro bante. Abin da ya saura shi zai zama ƙunzugun jariri, ko gammon ɗaukar doya, ko lagwanin fitila. Ta haka zane guda kan yi wa gida hidima shekara da shekaru kafin a yarda a kira shi shara.

Masana tarihinmu sun yi rubutu mai yawa a kan sabon tufa, wato a kan masaƙa da marina da fatake da rigunan sarauta. To amma abin da ke samun tufa bayan ya tsufa bai sami irin wannan kulawa ba, domin a cikin gida ake yin aikin, kuma ba a biyan haraji a kansa, balle Baturen mulki ya shigar da shi cikin rahotonsa. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun tsohon tufa a garin Lafiya ta jihar Nasarawa, tun daga zamanin saƙar hannu har zuwa zamanin gwanjo. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa duk wani sauyi da ya sami kasuwar tufa cikin shekaru ɗari biyu da suka wuce, a jikin yara ƙanana ya fi saurin bayyana, kuma al'adar mayar da zanen uwa rigar ɗa tana da sharuɗɗan da idan suka kau ita ma za ta kau.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bambanta wasu kalmomi da akan cakuɗa. Kwance shi ne tufar da wani ya sa, ya cire daga jikinsa da sauran amfaninta, ya ba wani. Ƙyalle guntun yadi ne, sabo ko tsoho. Tsumma kuwa shi ne abin da ƙarfinsa ya ƙare. Maho shi ne ƙyallen da aka ɗinke ɓula da shi. Ita kuwa kalmar gwanjo, asalin ma'anarta sayar da kaya ga wanda ya fi taya su, sai daga baya ta zama sunan tsofaffin tufafin da ake shigowa da su daga ƙetare. Yawan waɗannan kalmomi kaɗai ya isa ya nuna mana cewa Bahaushe ya daɗe yana tantance matakan tsufan tufa, kuma kowane mataki ya san aikin da zai yi masa.

Lafiya a Tsakanin Masaƙa

Sanin kowa ne cewa Barebari ne, ƙarƙashin jagorancin Muhammadu Dunama, suka kafa sarautar Lafiya wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. Bayan jihadin 1804 garin ya shiga ƙarƙashin tutar Bauci, saɓanin Keffi da Nasarawa da suke bin Zazzau. Ƙasar da aka kafa garin a cikinta kuwa ta al'ummu ce masu yawa: Migili da Alago da Eggon da Gwandara, ga Tibi daga kudu, ga Fulani makiyaya, sannan ga fatake Hausawa da gishirin Awe da Keana ya riƙa jawowa. Sannu a hankali Hausa ta zama harshen kasuwa da na fada. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, wanda ya yi mulki daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta shiga sahun manyan kasuwannin kwarin Binuwai, aka kuma buɗe hanyar fatauci zuwa Loko da ke bakin kogi, tafiyar kimanin kilomita 90. Noman auduga da saƙa da rini suna cikin tsofaffin sana'o'in mutanen garin.

Abin lura a nan shi ne, Lafiya ta zauna tsakanin al'ummu biyu da suka ɗauki tufa a matsayin kuɗi. A Barno, inda masu sarautar garin suka fito, an daɗe ana ciniki da gabaga, wato sawayen farin saƙi da ake aunawa a biya da su kamar yadda ake ƙirga wuri a Kano. A ƙasar Tibi kuma, kamar yadda Paul Bohannan ya bayyana bayan zaman da ya yi a cikinsu a farkon shekarun 1950, farin zanen da suke kira tugudu yana cikin kayan daraja da ba a musanya su da abinci sai bisa larura, sahunsa ɗaya da shanu da sandunan tagulla. Mutumin da ya taso a irin wannan wuri ba zai jefar da zane don ya koɗe ba, kamar yadda ba ma jefar da takardar naira don ta yi datti.

Zamanin Saƙar Hannu

Domin mu fahimci wannan tattali, sai mu tuna irin wahalar da ke cikin zane guda kafin zuwan inji. Manomi zai noma auduga, mata su gurje ta, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari zare bayan zare. Kaɗin zaren da zai isa babbar riga aikin watanni ne ga mace ɗaya da ke da girki da reno. Daga nan masaƙi zai saƙa sawaye waɗanda faɗinsu bai wuce tafin hannu ba, maɗinki ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga. Mata kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye, wadda suke saƙa gwado da majanyi da ita. Tufar da ta ratsa hannuwa masu yawa haka dole ta yi tsada, dole kuma ta shiga cikin dukiyar da ake rabawa idan mai ita ya rasu.

Ita kanta siffar saƙar ta taimaka wa tattali. Tun da yake zanen sawaye ne aka jera, idan tsakiyarsa ta mutu ana iya farke ɗinkin a cire sawayen da suka lalace, a mayar da na gefe su haɗu, a sami ƙaramin zane mai ƙarfi da zai yi wa budurwa gyauto ko ya yi goyo. Idan launi ne ya gudu, sai a mayar da shi marina ya sha baba ya dawo baƙi wuluk, ya ɓoye tabon da ya yi. Ke nan rini ba ado kaɗai yake yi ba, har da ƙara wa tufa kwana.

Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya game da rabon yara a wannan zamani. Yaro ƙarami ba ya cikin waɗanda ake yanka wa sabon saƙi, sai fa ɗan sarauta ko ɗan attajiri. Yawancin yara maza bante ko warki suke ɗaurawa, mata kuma ɗan ƙyalle a ƙugu, waɗanda ba su kai wannan munzali ba kuwa haka nan suke yawo. Saboda haka kusan duk abin da ya taɓa jikin yaro, daga zanen da ungozoma ta karɓe shi a ciki ran haihuwa har zuwa bantensa, daga kwancen manya ya fito. Hasali ma tsohon zane aka fi so wa jariri, domin wanki ya riga ya cire masa kaushi da ragowar baba, ya yi laushin da ba zai ƙuje fatarsa ba. Har ila yau, a wancan lokaci ɗinkin riga sana'ar maza ce. Aikin mata a kan tsohon tufa bai cika wuce yagewa da kalmasa baki da maho ba.

Akoko, Jirgin Ƙasa da Keken Ɗinki

A shekarar 1851 da Heinrich Barth ya shiga Kano ya tarar da tufafinta suna kaiwa har Tambutu da ƙasashen Sahara, a wannan shekarar ce Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa a Amurka. Waɗannan duniyoyi biyu sun yi kiciɓis a kwarin Binuwai kafin ƙarnin ya ƙare. Kamfanin Royal Niger, wanda ya sami izinin mulki daga Ingila a 1886, ya riƙa sauke yadin Manchesta a tashoshin kogi irin su Loko da Ibi. A 1903 Turawa suka amince da Musa a matsayin Sarkin Lafiya, a 1926 kuma aka mayar da ƙasar cikin Lardin Binuwai. A cikin waɗannan shekaru na 1920 ne layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna, ya ratsa ta Lafiya, sannan aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Jirgin da ya kwashi riɗi ya yi kudu, shi ya dawo da akoko da alawayyo da atamfa zuwa kantunan kamfanoni irin su Janhol da UAC.

Yadin kanti ya zo da abubuwa biyu da suka sauya suturar yara. Na farko, yana da faɗi, ba ya bukatar a haɗa sawaye, kuma almakashi na iya bin sa ta kowace fuska ba tare da ya warware ba. Na biyu, ya fi saƙi araha, saboda haka kwance ya yawaita a gidaje. Da keken ɗinki ya iso hannun teloli, sai ɗinkin 'yar shara ko taguwar yaro, wanda da allura zai ci yini biyu, ya koma aikin sa'a guda. A nan ne aka fara ganin abin da muka sani a yau, wato uwa ta aika wa tela tsohon zanenta, ko uba ya ba da babbar rigarsa da wuyanta ya mutu, a fitar wa yara biyu ko uku riguna daga ciki. Hatta buhunan fulawa na farin yadi ba su tsira ba, akan wanke rubutun jikinsu a yi fatari ko gajeren wando da su.

Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, ya tuna wa jama'a cewa arahar yadin kanti aro ce. Jiragen ruwa suka koma dakon soja, yadi ya yi wuya ya yi tsada, masaƙan gida da kasuwa ta fara mantawa da su suka sake samun ciniki, maho ya dawo jikin manya da yara. Tsadar rayuwar waɗannan shekaru ce ta kai ma'aikatan Nijeriya ga babban yajin aiki na 1945. Daga wannan lokaci za mu riƙa ganin tsarin yana maimaita kansa: idan yadi ya yi araha kwance ya yawaita amma a yi sakaci da shi, idan ya yi tsada sai a koma ana lalube a ƙasan adaka.

Masaƙun Kaduna da Zamanin Atamfa

A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello, tare da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wadda ta fara da saƙa akoko daga audugar Arewa. A tsakiyar shekarun 1960 masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, Kano ma ta kafa nata. Ba a jima ba masaƙu suka zama masana'antar da ta fi kowace ɗaukar ma'aikata a ƙasar nan. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, musamman ƙarin albashin Udoji na 1974, ya sa akwatin lefe ya cika da turamen atamfa, daga ta gida har ta Holan da ta Ingila.

Idan akwai zamanin da za a kira na bunƙasar rigar yaro ta kwance, to wannan ne, domin sharuɗɗa uku sun haɗu a cikinsa. Atamfar auduga ce zalla mai jure wanki, ta yadda ko bayan shekaru tana da sauran ƙarfi. Sannan ga keken ɗinki ya shiga ɗakunan mata, musamman bayan zuwan Butterfly na ƙasar Sin mai sauƙin kuɗi, da kuma darussan ɗinki da ake koya wa 'yan mata a makarantu. Na uku kuma, jama'a sun daina ganin tsiraicin yaro a matsayin abin da ba komai ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sa dubban yara cikin rigar makaranta, kuma yaron da ya saba da riga da safe ba zai yarda ya koma bante da yamma ba. Uwa mai 'ya'ya shida ba za ta iya saya wa kowa sabo ba sai da Sallah ko Kirsimeti, saboda haka rigunan zaman gida daga adakarta suke fitowa. Dillaliya ma ta sami kasuwa, tana bin gidaje da ƙunshin kwance, tana karɓa daga mai shi tana kai wa mai bukata ba tare da ɗaya ta san sunan ɗaya ba. Wannan sirri na dillaliya ya rufa wa gidaje da yawa asiri.

Tsuke Bakin Aljihu da Mamayar Gwanjo

Faɗuwar farashin mai ta sa gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982. A 1986 kuma gwamnatin Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, ta rushe hukumar cinikin auduga, ta karya darajar naira. Dalar Amurka da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985, ta koma wajen naira 4 kafin ƙarshen 1986, ta kai naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Sabuwar atamfa ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. A cikin wannan hali ne shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida na 1987, da shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha na 1994, suka buɗe cibiyoyin koyar da ɗinki da saƙa ga mata.

Mai karatu zai yi zaton wannan matsi zai ƙara raya al'adar gyaran kwance. Ya raya ta na ɗan lokaci, amma sai wani abokin gasa ya ɓullo. Tsofaffin tufafin Turai da Amurka, waɗanda dokar kwastan ta Nijeriya ta haramta shigo da su, suka riƙa kwararowa ta Kwatano suna cika kasuwannin Aba da Legas, da Ƙofar Wambai a Kano, da Kasuwar Barci a Kaduna, daga nan dila-dila su bazu zuwa garuruwa irin su Lafiya. Lissafin kuwa a fili yake. Idan uwa za ta biya tela kuɗin ɗinki a kan zanen da ya riga ya tsufa, alhali da kuɗin da bai kai haka ba za ta sami ɗinkakkiyar riga a gwanjo, ina dalilin wahala? Ta haka kwancen wasu ƙasashe ya kori kwancen gida.

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Sani Abacha ta cire jihar Nasarawa daga Filato ta mai da Lafiya babban birninta. Garin ya cika da ma'aikata da baƙi, teloli suka ƙaru, amma ɗinkin sabo da na anko ya fi kawo musu kuɗi. A gefe guda kuma masaƙun gida suna durƙushewa saboda rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfar Sin. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. Atamfar da ta maye gurbin tasu a hannun talaka mafi yawanta ta roba ce ko gauraye. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai ga maganarmu, domin atamfar roba ba ta laushi da tsufa, ba ta shan gumi balle ta yi ƙunzugu, kuma idan wuta ta taɓa ta narkewa take yi ta manne a fata, abin da ya sa ba ta dace da yaron da ke wasa kusa da murhu ba. Zanen da ba shi da rayuwa ta biyu, daga ƙugu sai bola ko kwata.

Fasahar da ke Cikin Aikin

Kada mu ɗauka wannan aiki yanke-yanke ne kawai na wadda ta rasa abin yi. Yana da ƙa'idojinsa waɗanda uwa ke koya wa 'ya. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma zanen ɗauri kan ci kimanin yadi biyu daga ciki. Gwanar aiki ta san cewa zane ba ya tsufa bai ɗaya: mazauni da wurin ɗauri su ke fara mutuwa, gefen ƙasa da kusurwoyi kan rage da ƙarfi. Za ta ɗaga shi ta fuskanci rana, inda haske ya ratsa sosai ta san ya sirance, ta kauce masa. Za ta ja shi tsakanin hannuwanta ta ji ko zai yi ƙara. Za ta bi tsawon zare wajen yanka domin kada rigar ta karkace bayan wanki. Zanen gado tsakiyarsa ke mutuwa, saboda haka gefunansa ake yi wa yara wando ko rigar barci. Labule kuwa rana ke cinye shi, yakan yi kyau a ido alhali zarensa ya ƙone, don haka ba a amince masa sai an gwada. Babbar riga ita ce uwar riba, domin hannuwanta masu faɗi ba sa shan wahala kamar wuya da aljihu. Akan kuma bar kalmasa mai zurfi a gindin rigar yarinya, domin idan ta ƙara tsawo a farke a sake. Duk wannan ilimi ne na awo da sanin halin zare, ko da yake ba a taɓa ba mai shi takardar shaida ba.

Sauran Al'ummu

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. Matan Bengal a Indiya da Bangaladash sun daɗe suna jera tsofaffin zannuwansu su ɗinke su su zama mayafin jarirai da suke kira kantha. Manoman arewacin Japan suna da boro, tufafin baba da aka yi wa maho a kan maho. A Amurka ta shekarun 1930, da masu sayar da fulawa suka lura mata na yi wa 'ya'yansu riguna da buhunansu, sai suka fara buga musu furanni a jiki. Gwamnatin Ingila ta fara rabon tufafi da kati a 1941, ta kuma yi yekuwar koya wa mata gyara da maho. A nahiyarmu, mayaƙan Mahadi na Sudan a shekarun 1880 sun mayar da jibba mai maho alamar gudun duniya, haka ma mabiya Baye Fall na Senegal har yau. Abin da ya bambanta mu da wasu daga cikin waɗannan al'ummu shi ne, su sun rubuta tarihin nasu tsumman sun adana shi a gidajen tarihi, mu kuwa muna jin kunyar namu.

Halin da Ake Ciki

Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira da ya biyo baya, sun sa dala ta haura naira 1,400 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a wannan shekarar. Tun da da dala ake sayo dilar gwanjo, sai shi ma ya tashi daga matsayin rufin asirin talaka. Ga shi kuma ingancinsa ya ragu, domin ƙasashen da ke aiko shi sun koma ɗinka tufafin yayi da ba a yi su don su daɗe ba. A kasuwar Kantamanto ta Akara, wadda gobara ta cinye yawancinta a Janairun 2025, masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na abin da ke cikin dila shara ne. Wani rahoto na Gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 ya nuna cewa abin da ake mayarwa sabon tufa daga tsofaffin tufafin duniya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Su Turawan da suka koya mana jefarwa, yanzu su ne ke buɗe azuzuwan koyar da maho.

Wani zai ce, ashe ba talauci muke yi wa kirari ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu musun cewa yaro da yawa ya sa kwance yana kuka domin abokansa na da sabo. Ba ma kiran a hana yaro rigar Sallarsa. Abin da muke cewa shi ne, akwai bambanci tsakanin tsumman da rashi ya rataya wa yaro, da rigar da uwa ta zauna ta auna ta yanka ta ɗinka masa daga zanenta mai kyau. Ta farko alamar gazawar al'umma ce, ta biyu kuwa dabara ce da ta fitar da gidajenmu daga yaƙin 1939 da matsin 1982 da na 1986. Gidan da ya manta da wannan dabara, ranar da gwanjo ya gagare shi ba shi da wurin komawa.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda tsohon tufa ya bi tarihin Lafiya sau da ƙafa. Lokacin da tufa take kuɗi, kwance ne kaɗai rabon yaro. Da akoko da keke suka zo, kwance ya zama ɗinkakkiyar riga. Masaƙun Kaduna suka wadata gidaje da audugar da ke jure rayuwa ta biyu, sannan gwanjo da atamfar roba suka raunana al'adar ta fuska biyu, ɗaya ya karya farashin ɗinki, ɗaya ta kashe ingancin zanen kansa. Wannan ya nuna mana cewa al'adar ba za ta farfaɗo da wa'azi kaɗai ba, sai an sami yadin auduga da talaka zai iya saya, da hannun da ya iya yanka shi. Na farko yana wuyan masu tsara manufofin noma da masana'antu. Na biyu kuwa yana cikin gidajenmu.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyanmu mu malamai da ɗaliban harshe da adabi. Tun 2011 Lafiya take da jami'ar tarayya, kuma matan da suka yi reno a zamanin akoko da atamfar Kaduna suna nan a unguwanninmu, sai dai kullum raguwa suke yi. Ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa zai iya zama da su da tsofaffin teloli da dillalai, ya tattara sunayen zannuwa da na ɗinki da na maho a Hausa da Alago da Eggon da Migili da Tibi, ya ɗauki hoton abin da ya rage a ƙasan adaka kafin a ƙone shi. Marubutan ƙagaggun labarai da waƙoƙi da ke aiko da ayyukansu ga wannan mujalla su ma suna da rabo, domin mun gaji da jaruman da ba sa sa komai sai shadda da leshi. Muna fatan a fitowa ta gaba za mu karanta sakamakon irin wannan bincike daga alƙalamin ɗalibanmu.